Ba Kowane Maimaici Ne Ciko Ba

Akwai wata magana da ta kusa zama gaskiya a bakin masu tace rubutu da wasu malaman boko, saboda yawan faɗarta da ake yi: wai Bahaushe mutum ne mai kewaye-kewaye, ba ya iya faɗar abu sau ɗaya ya yi shiru. Hujjojinsu ba sa wuce uku. Gaisuwarmu ta cika tsawo, amshin waƙoƙinmu ana nanata shi har a ƙosa, sannan ga 'yan ƙananan kalmomin nan irin su dai da fa da kam da kuwa, waɗanda a ganinsu ba su ɗauke da komai. Maganin da suke bayarwa kullum jan biro ne, a soke, a rage, a matse. Na yarda akwai cutar yawan kalmomi a Hausar yau, kuma ƙaruwa take yi. Inda muka rabu da su shi ne wurin da suke nunawa da yatsa. Sun kama mai lafiya suna yi masa ƙaho, majinyacin kuwa yana kwance a ɗakin da suke zaune.

Malaman zaure sun daɗe da raba wannan gardama. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci balaga, ko Jauharul Maknun na Ahdari ko Uƙudul Juman na Suyuɗi, ya san babin da aka kasa magana gida uku, ijazi da musawa da iɗnabi. Ya kuma san iɗnabi, ƙara lafazi a kan ma'ana don wata fa'ida, cikin ado ake lissafa shi. Aibin iri biyu ne. In aka jera kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya, kowacce ka cire ba a yi asara ba, wannan taɗwili ne. In kuwa ƙarin a fili yake, kana iya ɗora yatsa ka ce ga shi nan, wannan hashwu ne, abin da mu za mu ce ciko. Ba su taɓa auna magana da ƙidayar kalmomi ba. Abin da suke tambaya shi ne, wannan ƙarin me ya zo da shi? A Suratur Rahman aya ɗaya ta dawo sau 31, a Mursalat wata ta dawo sau 10, masu tafsiri kuma sun bayyana cewa kowace dawowa tana rataye ne da abin da aka ambata kafinta. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. Mutanen da suka tashi da wannan a kunne sun san maimaici yana da aikin yi.

Zancen wai ba mu iya taƙaitawa ba kuwa, bai cancanci dogon martani ba. Harshen da tsohuwa za ta ce "Komai nisan jifa..." ta ja bakinta ta tsuke, ɗaki ya yi tsit domin kowa ya ƙarasa sauran a ransa, ba harshen da za a koya wa ijazi ba ne.

Bari mu tsaya a kan gaisuwa, tunda ita aka fi yi wa ƙazafi. Ga saurayi ya biya gidan ƙanwar mahaifinsa da safe, ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne. Ya wajen su Yaya?"

"Suna lafiya, suna gaishe ki. Ya Malam da yara?"

"Lafiya dai."

Mai jan biro zai ce an yi tambaya shida, duk an san amsarsu tun kafin a buɗe baki, saboda haka ba a faɗi komai ba. Saurayin nan kuwa ya ji abu. Lau ta zo a farko, ba gajiya ta zo yadda aka saba, sanyi ya sami amsarsa, sai a tambayar ƙarshe aka sami dai a gurbin lau. Ba zai tashi ba. Zai gyara durƙuso ya ce, "Gwaggo, lafiya kuwa?" Ita kuma sai ta ce, "To, alhamdulillahi. Malam ne bai ji daɗi ba cikin dare, amma da sauƙi."

A lura da yadda abin ya yi aiki. Da ba a san amsoshin farko ba, da ba a gane ta ƙarshe ta kauce ba. Kunne yana buƙatar abin da ya saba ji kafin ya tsinci abin da bai saba ba, amsoshin nan da ake cewa ba su da amfani su ne suka daidaita kunnen yaron. Gwaggo ba za ta tari ɗan ɗan'uwanta da kukan rashin lafiyar mijinta ba, akwai kunya, akwai girma, kuma Musulmi ba ya buɗe safiyarsa da ƙorafi. Amma tana so a sani, domin a gaya wa yayanta. Gaisuwar ce ta ba ta hanyar da za ta sanar ba tare da ta kai ƙara ba. Ta ajiye kalma ɗaya, in yaron mai hankali ne ya ɗauka, in ba shi da shi ta riƙe mutuncinta. Hatta tsarin tambayoyin ba a banza yake ba: ana farawa da mutum shi kansa, a bi ta jikinsa, a taɓa yanayin gari, sannan a shiga cikin gida, daga abin da ba ya ciwo zuwa inda ciwon zai iya kasancewa.

Ita ma "da sauƙi" amsa ce da ba ta sauyawa, ko mutum yana gargara haka za a ce. Don haka ne ma take da amfani. Wanda ya je dubiya yana sauraron abin da ya biyo bayanta ne. "Da sauƙi sosai" daban, "da sauƙi dai" daban, "to, da sauƙi za a ce" kuwa, ka sani a fara kiran dangi na nesa.

Tsawon gaisuwar ma kansa magana ne. In ka gai da maƙwabcinka ya ce "lafiya" sau ɗaya, bai mayar maka da tambaya ba, ya ci gaba da abin da yake yi, ai ya gaya maka akwai wata a ƙasa, kuma bai zage ka ba, bai ba ka abin da za ka kai gaban mai unguwa ba. Kana da damar komawa da yamma ka ce, "Malam, ko na yi laifi ne?" Al'ummar da ta mayar da gaisuwarta kalma ɗaya ta rasa wannan mataki, fushi ba shi da wurin fita sai ta baki. Ba a banza aka ce yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa ba. A zaman makoki kuwa, duk wanda ya taɓa zama kan tabarmar karɓar gaisuwa ya san rahamar da ke cikin "Ya haƙuri?" da "Allah ya jiƙan rai." Mutum ɗari za su zo su faɗi kalmomin nan su kaɗai, kai kuma ka ba su amsa ɗaya, ba sai ka yi tunani ba, a ranar da tunani ya fi ƙarfinka. Wanda zai zo maka da sabuwar magana mai fasaha a wannan rana ya ɗora maka kaya ne.

Waccan dai ta Gwaggo ita ce ta kawo mu ga ƙazafi na biyu. Masana nahawun Hausa sun san wannan rukuni na dai, fa, kam, kuwa, ma da kuma, sun kuma san wuyar fassara su. Wuyar fassarar ce ta jawo musu baƙin jini, domin mai tunani da Turanci in ya nemi takwararsu ya rasa, sai ya yanke hukuncin ba su da ma'ana. A gwada da jimla ɗaya. "Audu ya biya kuɗin" labari ne kawai. "Audu dai ya biya kuɗin," wato sauran ba mu san ta su ba. "Audu ma ya biya," har shi da ba a zata ba, kai me kake jira? "Audu kam ya biya," na tsaya masa, kada a sa shi cikin masu laifi. "Audu fa ya biya," gargaɗi ne, kada wani ya je ya sake tambayarsa. In kuma ka matsar da kalmar ciki ka ce "Audu ya dai biya," to ya biya, amma ba da daɗin rai ba, ko kuwa biyan bai kashe maganar ba. Jimla shida, hukunci shida a kan Audu. Alƙalin da bai ji bambancinsu ba zai yi zalunci.

Rubutu ma ya fi baki buƙatarsu. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, ba ya ɗaukar ɗaga gira ko sassauta murya. Abin da ya rage wa marubuci na muryarsa shi ne 'yan kalmomin nan. Abubakar Imam ya san haka. Ɗauki kowane juzu'i na Magana Jari Ce ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi, za ka ji mutum yana magana da kai, kuma in ka bi da biro ka soke su dai da kuwa da fa, labarin yana nan amma mai ba da shi ya fita. Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa litattafan da aka buga tun shekarun 1930 suka fi wasu na bana saurin shiga kunne.

Amshi kuwa, masu rubuta waƙoƙin baka a takarda su ne suka ja masa raini ba da niyya ba. In ka ga layi ɗaya ya dawo sau talatin a shafi, dole ido ya gaji. Amma ba don ido aka yi shi ba. A wurin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amshi sau da yawa layi ɗaya ne tak daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, kuma a cikin 'yan daƙiƙun da 'yan amshi ke rera shi da kalangai yake duba fili, ya ga wanda ya shigo, ya ƙulla ɗan waƙa na gaba. Mutumin da ke shirya waƙa a tsaye gaban jama'a, amshi ne numfashinsa. Su kuma masu sauraro nan ne ƙofarsu ta shiga waƙar, domin kafin a yi dawowa uku kowa ya haddace. Abin da ya fi burge ni shi ne layin ba ya dawowa da ma'anar da ya tafi da ita. In ya biyo bayan yabo, tabbatarwa ne. In ya biyo bayan zambo, dariya ce. In ya biyo bayan ambaton wanda ya mutu, sai ka ji ya yi nauyi. A gidan su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, makaɗan kotso, 'yan amshi ba maimaita gindi kaɗai suke yi ba, suna karɓe layi daga bakin jagora su ƙarasa, su yi ƙari. Ɗan Maraya Jos da ba shi da 'yan amshi, kuntiginsa ne ke amsa masa, shi ma bai iya yin waƙa ba tare da wurin dawowa ba. Wanda ya ce a cire wannan don a rage tsawo bai san inda waƙar take ba.

To, ina majinyacin? Tarihinsa gajere ne. An kafa hukumar fassara a 1929, gasar da ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ta zo a 1933, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Mutanen farko na wannan aiki sun yi wa Hausa hidimar da ba za a iya biya ba, domin sun fito daga zaure da fada da kasuwa, kunnensu cike da Hausa kafin su koyi Turanci. Daga baya aikin ya yawaita, gidajen watsa labarai suka ƙaru, takardun sanarwa na ofisoshin gwamnati suka riƙa zuwa da Turanci, mai fassara kuma yana da 'yan mintoci kafin lokacin labarai. Wanda ke gaggawa ba ya tsayawa ya tambayi kansa yadda Bahaushe zai faɗi abu, bin jimlar yake yi kalma bayan kalma. Turancin ofis kuwa dama can cike yake da ciko, masu harshen ma suna kuka da shi. Haka muka gaji cutar wasu, muka saba da ita, har yara suka ɗauka ita ce Hausar manya.

Ga jimla da na harhaɗa daga guntayen da kowa ke ji kullum: "A yayin da yake gabatar da jawabinsa a wajen taron, shugaban ƙaramar hukumar, wanda ya samu wakilcin mataimakinsa, ya bayyana cewa gwamnatinsa za ta ci gaba da yin duk mai yiwuwa domin ganin an tabbatar da cewa an samar da ingantaccen ruwan sha mai tsafta ga al'ummar yankin baki ɗaya." Kalma hamsin. Babu dai, babu fa, babu amshi, babu abin da mai jan biro ya saba sokewa, don haka za ta wuce ta gabansa lafiya. Abin da ta ƙunsa shi ne: shugaban bai zo ba, mataimakinsa ya ce za a kawo ruwa. A duba matakan da aka gina tsakanin mutumin da ruwan. Za a ci gaba da yin mai yiwuwa, domin ganin, an tabbatar da cewa, an samar. Kowane mataki yana nesanta mai magana da alkawarinsa, "an" ɗin nan kuma ta ɓoye mai aikin gaba ɗaya. Har wanda bai halarci taron ba an ce yana gabatar da jawabi. In mutum ya ce "zan haƙa rijiya goma kafin azumi," ana iya tare shi bayan salla. Wanda ya ce zai ci gaba da yin duk mai yiwuwa, ba ranar da za a kama shi.

Daga wannan gida ne "gudanar da" ta fito ta cinye aikatau na Hausa. Ba a bincike yanzu sai gudanar da bincike, ba a taro sai gudanar da taro, har addu'a gudanar da ita ake yi. Ba a cewa sai bayyana cewa. Ba a gyara hanya sai aiwatar da aikin gyaran hanya. Su "domin saboda" da "amma sai dai kuma" da "kamar misalin" da "wato ma'ana" da "marigayin da ya rasu" taɗwili ne da hashwu tsantsa, a soke su, ba mai kuka, amma ƙananan laifuka ne, tuntuɓen harshe. Masu tada jijiyar wuya a kan "daren Lailatul Ƙadari" wai an faɗi dare sau biyu, su ma su huta, sunan dare ne ya zauna haka a bakin mutane, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Babban laifin shi ne jimlar da aka gina don kada a ce komai.

A wajen taro ma haka. Mai gabatarwa zai ce "ba tare da ɓata lokaci ba," sannan ya shafe rubu'in sa'a yana jera muƙamai. Kada wani ya ce ai kirari ne, al'adarmu ce. Maroƙi zaɓe yake yi, yana ɗauko abin da ya bambanta wannan mutum da kowa, kakansa, garinsu, abin da ya taɓa yi. Jerin muƙamai kuwa kowa ka ɗora wa ya hau.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kundin ɗalibai. Kowane babi sai ya buɗe da shimfiɗa mai faɗin abin da za a faɗa, ya rufe da naɗewa mai faɗin abin da aka faɗa, babin ƙarshe kuma ya zo da taƙaitawa da kammalawa su sake faɗar duka. Mai sauraro ba ya iya mayar da magana baya, shi ya sa ake maimaita masa. Mai karatu kuwa yatsa kawai zai sa ya juya shafi. An ɗauko maimaici daga inda yake da aiki an hana shi, an kai shi inda ba shi da aiki an wajabta shi, domin ana auna ƙoƙarin ɗalibi da kaurin kundi. Marubutan labarai da ke sayar da rubutunsu shafi-shafi ta waya sun faɗa wannan rami ta wata ƙofar. Duk haɗuwar mutum biyu sai an rubuta gaisuwarsu cif, duk fita sai an lissafa atamfa da mayafi da turare. Gaisuwar da na kare a sama, in aka kwafe ta cikin littafi sau arba'in ba tare da an ajiye wata dai a cikinta ba, ta zama ciko, domin takarda ba ta da muryar da za ta kauce.

Ni a ganina duk wannan asalinsa ɗaya ne: ciko yana tsirowa ne inda mai magana ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa. Gwaggo tana kallon yaron, ta san daidai inda za ta tsaya. Shata yana kallon fili, in amshi ya fara gundurar mutane shi zai fara sani. Mai ba da tatsuniya in ta ja da yawa, yara za su yi barci a gabanta. Mai rubuta sanarwar ofis ba ya ganin kowa, ɗalibi mai cika shafi ba ya tunanin wani zai karanta, mai fassara cikin gaggawa takardar Turanci yake kallo. Shi ya sa jan biro ba zai warkar da abin ba, domin mai riƙe da biron ma shafi yake kallo. A zamanin farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, mutum ɗaya mai ilmin boko kan karanta jarida da ƙarfi, jama'a na kewaye da shi suna saurare, marubucin kuma ya san haka za a yi da rubutunsa. Wannan ne ya kamata a dawo da shi ɗakin labarai da ajin koyon rubutu. Kafin a buga abu, a karanta shi a gaban mutumin da bai san Turanci ba, mai sayar da itace ko tsohuwar da ke cikin gida, a bar shi ya katse mai karatu duk inda ya ga dama. Ba zai katse ka a kan dai ko kuwa ba. A jimlar nan mai kalma hamsin zai tsayar da kai tun kafin ka kai ƙarshe, ya tambaye ka wa zai haƙa rijiyar, kuma yaushe.